Buhu Uku da Rabi: Me Za Mu Faɗa wa Yara Game da Yunwa?

A makarantu da dama na Amurka akwai darasin da ake yi a ɗakin cin abinci maimakon cikin aji. Kowane ɗalibi yana zarar ƙuri'a a bakin ƙofa. 'Yan ƙalilan ƙuri'a za ta kai su teburi mai shimfiɗa, a jera musu nama da kayan lambu da abin sha. Wasu da suka ɗan fi su yawa su sami kujera da shinkafa da wake. Ragowar, rabin ɗakin ko fiye, a ƙasa za su zauna, kowa da 'yar farar shinkafa ba mai ba yaji da kofin ruwa. Ƙungiyar Oxfam reshen Amurka ce ta yaɗa wannan tsari tun cikin shekarun 1970, suna ce masa liyafar yunwa. Abin da ake so shi ne yaron da bai taɓa kwana da yunwa ba ya ga da idonsa yadda abincin duniya ya rabu, ya kuma gane cewa ƙuri'a ce ta zaunar da shi inda ya zauna, tunda ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi.

Dabara ce mai kyau, kuma na yarda tana girgiza zuciyar yaran da aka shirya ta dominsu. Amma tana da iyaka, kuma duk malamin da ke son ɗauko irinta ya kamata ya san da haka. Tana nuna wa yaro cewa rabon bai yi daidai ba, ba ta gaya masa abin da ya sa. Yaro zai tashi da tausayi, da tunanin cewa maganin abin shi ne na kan teburi su miƙa wa na ƙasa ragowarsu. Akwai kuma abin da ya fi shafarmu. A ajin firamare na Gusau ko Tasawa ko sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, an riga an zari ƙuri'ar tun daga gida. In an buga ƙararrawar tara, wasu su ruga wurin mai awara da mai ɗanwake da kuɗin tararsu a hannu, wasu su kifa kai a kan benci kamar masu barci har a dawo. Malamin da ya raba wa waɗannan yara biskit, wani goma wani ɓari, don ya nuna musu rashin daidaito, tonon silili ya yi wa rabin ajinsa. Sun san yunwa sarai. Dalilinta ne ba wanda ya taɓa zama ya bayyana musu, kuma a ganina nan ya kamata darasin ya dosa, ko a Amurka ake yin sa ko a nan.

Wurin farawa shi ne lissafi, irin wanda ɗan aji biyar zai iya yi a allo. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana ƙiyasta hatsin da duniya ke nomawa a shekara da kimanin tan biliyan 2.8, in aka haɗa masara da alkama da shinkafa da dawa da gero da danginsu. Mutanen duniya sun cika biliyan 8 a watan Nuwamban 2022. To, a raba. Kowane mutum zai tashi da kilo 350 a shekara, wato buhu uku da rabi na kilo ɗari-ɗari, har jaririn da aka haifa jiya da tsohuwar da haƙoranta suka zube. Gidan mutum takwas buhu 28 ke nan. Ba a sa rogo da doya da dankali ba, ba a sa wake da gyaɗa da mai da kifi da nono ba. Ɗan manomi ya san abin da buhu 28 yake nufi a gida, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai malam ya rubuta ɗaya lissafin a gefe. Rahoton da hukumomi biyar na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 ya ce kimanin mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024. Miliyan 307 daga ciki a Afirka suke, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane biyar na nahiyar. Miliyan 323 a Asiya suke. A duniyar nan ɗaya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ƙibar da ta wuce kima sun haura biliyan ɗaya. In an ajiye lissafin biyu gefe da gefe, malam ba ya buƙatar ya yi tambaya. Wani yaro zai ɗaga hannu da kansa ya ce, to Malam, ina hatsin ya tafi?

Amsa ta farko mai sauƙi ce. Ƙasa da rabin hatsin nan ne mutane ke ci kai tsaye. Fiye da kashi ɗaya cikin uku dabbobi ake ciyarwa da shi, kaji da aladu da shanun da ake turkewa a manyan gidajen gona. Wani kaso kuma man mota ake yi da shi. A Amurka wajen kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa can take tafiya. Sai asara. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abincin da ya haura tan biliyan ɗaya bayan ya riga ya iso shaguna da gidajen abinci da gidajen mutane, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan a cikin gidaje aka zubar. Wannan ban da abin da ke lalacewa tun kafin ya kai kasuwa, wanda shi ne namu ciwon: tumatirin Kura da Kadawa da ke ruɓewa a kwando a bakin titi, waken da ƙwari ke mayarwa gari a cikin buhu.

A nan sai malam ya yi hattara, domin amsa mai sauƙi tana iya zama rabin gaskiya. Saniyar Bafulatani ciyawa take ci da karan dawa, abin da mutum ba ya iya ci, ta mayar da shi nono da nama. Ba daidai ba ne a haɗa ta da saniyar da ake ɗura wa masara, a sa yaro ya ɗauka kiwo ne ke jawo yunwa. Haka kuma tunanin a kwaso rarar ƙasashe masu arziki a jibge wa matalauta ba kullum yake haifar da ɗa mai ido ba. A 1995 ƙasar Haiti ta rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 bisa matsin lambar masu ba ta bashi. Shinkafar Amurka mai araha, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa, manoman Haiti da yawa suka bar gona suka koma birni. A 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton, wanda a zamanin mulkinsa aka yi haka, ya fito fili ya ce kuskure ne. Ɗan sakandare zai iya fahimtar wannan labari, kuma zai hana shi ɗaukar kyauta a matsayin maganin komai.

Amsa ta biyu ita ce zuciyar darasin, kuma wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, shi ya fi kowa fito da ita fili. Yana ɗan shekara tara aka yi yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Da ya girma ya koma ya bi alƙaluma, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa abincin da ke Bengal a 1943 ya fi na 1941 yawa, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta kame ƙasar Bama (Myanmar ta yau), daga inda ake shigo da shinkafa, gwamnatin mulkin mallakar Ingila ta fifita ciyar da sojoji da ma'aikatan birnin Kalkata, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ladan ɗan ƙwadago kuwa bai bi shi ba. Waɗanda suka mutu 'yan ƙwadagon gona ne da masunta da masu sana'ar hannu. Shinkafa tana nan, hannunsu ne bai kai gare ta ba. Sen ya sami kyautar Nobel a 1998, kuma ya ƙara da wata lura da ta cancanci a yi muhawara a kanta a aji: ba a taɓa yin babbar yunwa mai kisa ba a ƙasar da shugabanni ke tsoron zaɓe kuma jaridu ke da bakin magana.

Ba sai mun je Bengal ba. A 2004 damina ta ɗauke da wuri a Nijar, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Giɓin hatsin ƙasar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da take buƙata ba. Amma kafin tsakiyar 2005 farashin gero ya ninka fiye da sau biyu, kuma inda yara suka fi galabaita shi ne jihohin Maraɗi da Damagaram, yankin da ake ɗauka rumbun ƙasar. Akwai gero a kasuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. Makiyayi ya ga abin ta fuska biyu: dabbobinsa sun rame farashinsu ya faɗi, geron da zai saya da kuɗinsu ya hau, akuyar da a da take sayen buhu ta koma sayen 'yan tiyoyi.

Wannan juyi yara suna ganin ƙaraminsa kowace shekara, ko da damina ta yi kyau, sai dai ba a taɓa sa su su dube shi da idon ɗalibi ba. Da kaka hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, a lokacin ne ƙaramin manomi yake sayarwa, saboda bashin taki yana jiransa, ga auren 'ya, ga kuɗin magani, ga shi in ya ajiye ƙwari za su raba da shi. Mai kuɗi ya saya ya zuba a sito. In aka shiga Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, aikin gona kuma a lokacin ya fi cin ƙarfi, sai manomin nan ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar da tsada. In babu kuɗi ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa ga ciyawa, baɗi ya girbe abin da bai kai na bana ba. Da malami zai sa ɗalibai su riƙa rubuta farashin kwanon gero da na masara da na wake duk ranar kasuwa, daga buɗe makaranta a Satumba har hutun Yuli, su zana shi a babbar takarda a manna a bango, su rubuta ladan yinin ɗan ƙwadago a gefe, da sun gano abin da Sen ya gano da hannunsu. Wannan aiki ba ya cin ko sisi. Lissafi ne, darasin zamantakewa ne, darasin noma ne a lokaci guda, kuma ba ya nuna kowa da yatsa.

Fari da fara da ambaliya gaskiya ne, sauyin yanayi kuma yana ƙara musu ƙarfi, bai kamata a rage musu nauyi ba. Amma a tuna wa yara cewa ana yin fari mai tsanani a Ostareliya da Kalifoniya ba wanda ya mutu da yunwa. Fari yana kashe shuka. Ko mutum zai bi shukar ya dogara ne da abin da ke aljihunsa, da abin da ke rumbun gwamnati, da hanyar mota, da zaman lafiya.

Zaman lafiyar nan kuwa shi ne kan gaba a yau. Masana suna da ma'auni mai hawa biyar da suke auna tsananin rashin abinci, kuma ba sa kiran abu yunwa mai kisa sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara sun kamu da tamowa, kuma mutum biyu cikin kowane dubu goma suna mutuwa a kullum. A duba inda aka kai wannan hawa a 'yan shekarun nan: Somaliya a 2011, inda kimanin mutum dubu 260 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wani yanki na Sudan ta Kudu a 2017, sansanin Zamzam a Darfur a 2024, Gaza a Agustan 2025. Ko'ina da bindiga a ciki. Shi ya sa a 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2417 wanda ya la'anci amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi. Yaron Zamfara ko Katsina da ya ga ubansa ya bar gona saboda 'yan bindiga, ko ya biya su kuɗi kafin a bar shi ya yi girbi, ba baƙo ba ne a wannan babi. Haƙƙinsa ne ya san cewa abin da ya sami gidansu yana da suna a dokokin duniya, kuma laifi ne.

Akwai kuma zaren da ya ɗaure teburin mai shayi da ƙasashen da yaro bai taɓa jin sunansu ba. Rasha da Yukren su biyu suna fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta a duniya. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a Fabrairun 2022, ma'aunin farashin abinci na FAO ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a watan Maris. Najeriya kusan duk alkamar da take ci daga waje take sayowa, don haka burodi da taliya suka ji a jikinsu. Sai cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka zo suka ɗora, har hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A ɗauki burodi guda a ajiye a kan teburin malam, a buɗe taswira, a bi shi baya har gonar da ya fito: jirgin ruwa, tashar Legas, kamfanin fulawa, tirela, gidan burodi, mai keke. A kowane zango a tambayi yara wa ya ci riba, me kuma zai iya tsayar da tafiyar.

Yanzu batun mutunci. Hotunan da duniya ta saba koyar da yunwa da su, tun daga Habasha a 1984, hotunan baƙin yaro ne mai kumburarren ciki da ƙuda a ido. Sun tara kuɗin agaji, ba a musu. Amma sun koya wa yaran Turai cewa yunwa halittar Afirka ce, sun kuma koya wa namu yaran cewa haka Allah ya yi su. Dukansu an cuce su. Ya kamata yaron Kano ya san cewa a 2024 masu yunwa a Asiya sun fi na Afirka yawa, ya san cewa ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta ce kashi 13.5 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da ƙarancin abinci a 2023, ya san cewa a tsakiyar ƙarni na 19 yunwa ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya a Ayalan, ƙasar Turawa, alhali jiragen ruwa suna fita da hatsi daga tashoshinta. Sannan ya kamata malami ya kiyaye harshensa. Kada ya ce wa ya karya kumallo yau ya ɗaga hannu. Kada ya sa a rubuta abin da aka ci jiya a gida a karanta a gaban aji. Mun saba sa yara haddace rukunonin abinci shida, da hoton ƙwai da madara da kifi a littafi, yaro ya ci jarrabawa da sunayen abin da rabonsa da shi tun Sallah. Gara a gina darasin a kan abin da ke kusa: zogale, kuka, wake, gyaɗa, daddawa, waken suya. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda aka fara amfani da shi da yawa a Nijar a 2005, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ya kamata yarinya ta san haka tun tana aji shida, domin nan da 'yan shekaru ita ce uwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yankin da ke cika kasuwar Dawanau da hatsi shi ne a gaba.

Wani zai ce ai yaranmu suna azumi, sun san zafin yunwa, kuma azumi yana koyar da tausayi. Haka ne. Sai dai mai azumi ya san in an kira magariba zai sha ruwa, kunu yana kan wuta. Wanda ba shi da shi bai san lokacin da tasa magaribar za ta yi ba, kuma wannan rashin sanin shi ke hana barci. Malamin addini yana da kayan aiki a nan fiye da kowa, in zai yi amfani da su. Ƙissar Annabi Yusuf (AS) darasi ce a kan tanadin abinci na ƙasa: shekara bakwai na yalwa, a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ɗora amintacce masani a kan taskoki. Ɗalibai Kiristoci suna da labarin a Littafin Farawa. Zakkar hatsi tsari ne na sake rabo mai ƙa'ida, kashi ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. A Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar (RA) ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina, ya kuma hana kansa cin mai daɗi har jama'a suka samu. Ga kuma hanin ɓoye abinci don a jira tsada. Tambaya mai daɗin muhawara ga 'yan sakandare ita ce: mene ne bambancin tanadin Annabi Yusuf da ɓoyon ɗan kasuwa, tunda dukansu ajiya ce? Mai sayen hatsi da kaka ya ajiye yana da amfaninsa, don ba don shi ba da damina kasuwa za ta bushe. A ina amfanin ya ƙare cutarwa ta fara? Yaron da ya yi wannan muhawara ba zai yarda a rufe masa baki da kalmar ƙaddara a inda sakacin mutane ne ba.

Tarihin ma yana cikin gida. Kakanninmu suna sa wa shekarun yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914, wadda ta yi ɓarna a ƙasar Kano da kewaye, ana kiranta Kakalaba. Ta zo lokacin da Turawa ke karɓar haraji da kuɗi, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, gyaɗar sayarwa ta fara shiga gonakin hatsi. Ta 1984 a yankin Maraɗi ana ce mata El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin sojan Najeriya ta yi a wannan shekara. Waɗanda suka ga farin 1973 da yawansu suna raye. A tura yara su zauna da kaka ko wani dattijon unguwa, su tambaye shi me ake kiran shekarar a garinsu, me aka ci, wa ya taimaki wa, su wa suka yi ƙaura, me hukuma ta yi. Za su dawo da labarin tafasa da anza da tonon gidan tururuwa, za su kuma dawo da labarin maƙwabcin da ya buɗe rumbunsa. Irin wannan ilimi in tsofaffin nan suka tafi ba a rubuta ba, ya tafi ke nan.

Darasin da ya tsaya a kan musiba kaɗai yana kashe zuciya, don haka dole a faɗa wa yara cewa abin yana gyaruwa, an kuma gani. A wajen 1970 kusan mutum ɗaya cikin uku a ƙasashe masu tasowa ba ya samun isasshen abinci. Daga 1974 zuwa 2022 mutanen duniya sun ninka, daga biliyan 4 zuwa 8, amma yau masu yunwa ba su kai ɗaya cikin goma na mutanen duniya ba. Alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a 2015 na kawar da yunwa kafin 2030 ba alamar za a cika shi, annobar korona da yaƙe-yaƙe sun mayar da hannun agogo baya, Afirka kuma adadinta ƙaruwa yake yi. Duk da haka ga Birazil. A 2003 gwamnatin Lula da Silva ta ƙaddamar da shirin kawar da yunwa, a 2014 FAO ta cire ƙasar daga taswirar yunwa. Ta sake komawa bayan wasu shekaru, ta sake fita a 2025, abin da ke nuna cewa yunwa tana bin manufofin masu mulki, tana tafiya tana dawowa da su.

Babban ginshiƙin aikin Birazil kuwa a makaranta yake. Ƙasar tana ciyar da ɗalibai kimanin miliyan 40, kuma dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen sayen abincin daga ƙananan manoma. Yaro ya ƙoshi, ubansa ya sami kasuwar da ba ta jiran dillali. A Japan ɗalibai da kansu suke raba abincin rana a aji su kwashe kwanuka, kuma tun 2005 akwai dokar da ta sa ilimin abinci ya zama aikin ƙasa. Tarayyar Afirka ta ware 1 ga Maris a matsayin ranar ciyarwa a makarantu, a Yamai aka fara bikinta a 2016. A shekarar ce Najeriya ta fara nata shirin na ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane kwano, gwamnati ta ce ya kai ga yara kusan miliyan 10, sannan aka dakatar da shi a farkon 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi lokacin da ake binciken kuɗaɗensu, daidai lokacin da abinci ya fi tsada.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya kifa kai a benci ba zai bi lissafin buhu uku da rabi ba komai iyawar malam. Saboda haka ƙungiyar iyaye da malamai da ke son a koyar da wannan darasi, ita ce ya kamata ta fara tambayar hukuma ina abincin makaranta, nawa aka ware, wa aka ba kwangila, daga gonar wa ake saye. Inda kuma ake ciyarwar, ko gwamnati ke yi ko gudummawar gari ce da kaka, a ba manyan ɗalibai littafin lissafinta su riƙe: kwano nawa ya shigo, nawa aka saya, yara nawa suka ci, me ya rage. Ranar 16 ga Oktoba, Ranar Abinci ta Duniya, ta faɗo daidai farkon kaka, lokacin da farashi ke sauka, kuma a wannan rana za su iya karanta wa iyaye abin da suka rubuta a bara kafin a sayi hatsin bana.